Ta Yi Kishi da Jiragen Baba

Ruwan sama ne ya haɗa su. Rufin ɗakin mahaifinta ya yi yoyo a kan kwalin tsofaffin hotunansa, sai Auta ta kwashe su ta kai shagon da ake gyaran hoto a kwamfuta. Saurayin da ta tarar ya ɗago kai ya dube ta, sai da ta maimaita sallama kafin ya tuna ana amsawa.

"Jiragen yaƙi ne na farko-farko, masu injin jet," ta ce. "Babana makanikensu ne a zamaninsa. Ka lallaɓa su, ya fi son su da mu."

"Kowa da abin da yake so," ya ce, idonsa kuma ba a kan hotunan yake ba.

Kafin aikin ya kammala, ita tana ce masa Mai Hoto, shi yana ce mata Hasken Idona.

Ranar da ya kawo hotunan gida aka ɓata. A ɗayansu akwai jirgi mai buɗaɗɗen hanci da baƙin zane a gefen bindinsa. Mai Hoto ya ɗauka dattin ruwa ne, ya goge shi tas. Baba ya sa tabarau, ya duba, fuskarsa ta canja.

"Wannan hayaƙin injin ne, yaro. Kowace safiya da tsumma nake dirje shi har hannuna ya yi kanta, kai ka share min shi da ɗan yatsa. Kada na sake ganinka a ƙofar gidana."

Auta ta yi kuka har idonta ya kumbura. Mai Hoto kuwa ya mayar da hayaƙin inda yake, ya dawo ya durƙusa ya ce a koya masa. Baba ya yi kamar bai ji ba, amma a zuwa na gaba ya nuna masa kujera.

Daga nan Auta ta shiga uku. Za ta ci kwalliya ta zauna jira, sai ta riƙa jiyo su a falo suna musu a kan jirgi mai miƙaƙƙen fiffike da mai fiffiken da ya karkata baya. Mutumin da aka kora ne yanzu ake dafa wa shayi. Kishi ya cika ta, kishin ƙarafan da suka daɗe da yin tsatsa. Ta tura masa saƙo daga ɗakinta:

"Mai Hoto, wurina kake zuwa ko wurin jiragen? In su kake so, ka tura a nema maka auren mai buɗaɗɗen hancin."

Amsa ta zo nan take: "Hasken Idona, wallahi kullum da maganarmu nake shigowa. Da na buɗe baki na ce ina so na turo manyana, sai Baba ya zaro wani hoton."

"To ka ci gaba da kallo. Daga yau na daina jira."

Ba ta iya daina jiran ba. Da ya sake zuwa, ta laɓe a bakin labule. Ta ji ya gyara murya ya ce, "Baba, dama akwai wata magana…" Ta kuma ji Baba ya tare shi da sauri: "Dubi wannan tankin man da ke ƙarshen fiffike."

Ta shigo, ta durƙusa, ta ɗora hannu a kan hoton.

"Baba, ka yi haƙuri. Ka bar shi ya ƙarasa."

Tsohon ya cire tabaransa yana gogewa da bakin riga.

"Na san abin da zai faɗa, Auta. Tun tuni na sani. In ya faɗa, ke zai tafi da ke, shi ma zuwansa ya ƙare. Shekara da shekaru ba wanda ya zauna ya tambaye ni sunan jirgi ko ɗaya. Yayyenki da sun ga kwalin nan suke tuna suna da aiki."

Kunya ta kama ta, don ita ma tana cikin masu gudun. Ashe ba ita kaɗai ke kishi a gidan ba.

"Baba," in ji Mai Hoto, "ko korata ka sake yi, zan dawo. Ba mu ma kai rabin kwalin ba."

"Zai zo," ta ce tana share hawaye, "amma tare da ni, kuma ni zan zauna a tsakiya."

Baba ya yi dariya har da tari. Ya ce a turo manya.

Ranar auren ya riƙe hannuwansu biyu ya ce, "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku masu sauraronku in kun tsufa." Auta ta amsa da amin, ta tambaye shi wane jirgi za su fara da shi ranar Asabar.