Ba Karayar Faɗuwa Ba Ce

"Tashi ki kimtsa, auta. Ɗan'uwanki na bisa hanya, ya ce kahin azahar shina nan."

Inna Tasalla ce ke magana, tana cusa kayan Iklima cikin jaka ba ko ninki. Iklima na zaune a bakin gado, hannunta na dama ɗaure da karare da farin tsumma, an rataye shi a wuyanta. Yau kwana goma sha biyu ke nan da aka kawo ta gidan ubanta a Aliero daga Jega, wai santsin banɗaki ne ya kwashe ta.

"Inna, hannun fa bai kama ba tukuna."

"Shi kama can ɗakinki. Mace da mijinta ta zamna gida kamar bazawara? Mutane har sun hwara tambaya."

To, mutane! Kullum mutane. Mutanen da ko kofin ruwa ba su taɓa miƙo maka ba, su ne ake yanka ɗiya a ba su don kada su yi magana. Iklima ta sunkuyar da kai.

Kamaluddeen, mijin nata, ɗan yayan Inna Tasalla ne uwa ɗaya uba ɗaya. Kuma a faɗi gaskiya, ba wanda ya yi wa Iklima dole. Ita ta gani ta ce tana so, tun tana sakandare yana zuwa gaishe da gwaggonsa da farar shadda da ƙamshin turare. Dillalin albasa ne, mai hannu sake, duk kasuwar Jega ba wanda bai san dariyarsa ba. Dariyar kuwa a bakin ƙofa yake tuɓe ta tare da takalmi. Wata huɗu da biki aka fara zagi, sai ƙwace waya, sai mari. Bayan kowane mari sai ya durƙusa yana hawaye: "Sori bebi, wallahi shaiɗan ne." Ita kuma ta yafe, domin tana sonsa. Abin takaicin ke nan, har ranar da nake ba ku labari tana sonsa.

Bara ya goce mata kafaɗa, aka ce daga babur ta faɗo. Shi da kansa ya sayo mata tiramol a kemis don ta samu barci. Kafaɗa ta warke cikin wata guda, amma ƙwaya ta samu wurin zama, don Iklima ta gano ba ciwon kafaɗa kaɗai take kashewa ba. In ta haɗiya, zagin sai ya riƙa zuwa kamar daga nesa. Daga ɗaya ta koma biyu, daga biyu ta koma huɗu. Waɗanda ta ɓoyo a jakar kwalliya sun ƙare shekaranjiya, shi ya sa jikinta ke rawa, hanci na zuba, hamma ba iyaka. Inna ta ce kewar miji ce.

Ubanta Malam Magaji ya yi sallama ya shigo duba ɗori. Maɗori ne na gado, ana kawo masa karaya daga Argungu, daga Yawuri, har daga Nijar. Ya tsuguna ya latsa kararen a hankali, sannan ya yi abin da yake yi kowace safiya tun da aka kawo ta: ya juya tafin hannunta sama, ya daɗe yana kallo.

"Iklima, in akwai magana, kunnena na nan."

"Ba komai, Baba."

Ya miƙe ya fita, kansa a ƙasa.

Kamaluddeen bai saɓa alkawari ba. Rana na tsaka motarsa ta tsaya a ƙofar gida. Ya shigo da leda cike da lemo da ayaba, da turmin atamfa na gwaggonsa, ya zube har ƙasa ya gaida surukai. Inna Tasalla baki har kunne.

"Allah shi yi maka albarka, ɗan Yaya. Shiga, tana ciki."

Ya shiga ya saki labule. Ya dube ta sama da ƙasa ya girgiza kai.

"Bebi, ji yadda kika rame. Na san matsalar." Ya sa hannu a aljihu ya zaro katin ƙwaya, ya kaɗa shi a gaban idonta. "Sun ƙare ko? Ga guda. Sauran na gida cikin durowa. Tashi mu tafi."

Ba ta san lokacin da hannunta na hagu ya fizge katin ba. Yawu ya cika mata baki. Tana ƙoƙarin ɓallo ɗaya da haƙori sai ta ji ya yi 'yar dariya.

"Kin gani? Wa zai riƙe ki in ba ni ba? Ki bar Baba ya ji autarsa 'yar ƙwaya ce, ki ga ko zai ƙara kallonki. Don haka maganar banɗaki ta tsaya a banɗaki. Kin gane?"

Ta ɗago kai ta dube shi. Ba tausayi a fuskar nan, ko ɗigo. Fuskar makiyayi ce da ya kaɗa wa akuya dusa ya ga ta biyo shi. Shekara guda tana ɗauka tausayinta yake ji yana sayo mata, har godiya take yi masa. Ashe igiya ce ya saya mata, ita kuma ta sa wuya da kanta. Wani irin baƙin ciki ya taso mata daga ciki, mai zafin da ya fi na karayar, ya danne rawar jikin gaba ɗaya.

"Matsa mini."

"Ina za ki?"

"Na ce ka matsa, Kamal."

Ta ture labule ta fito tsakar gida. Malam Magaji na kan tabarma a inuwar darbejiya yana feƙe karare, Inna na bakin murhu. Iklima ta jefa katin a kan tabarmar, ya faɗa daidai gwiwar ubanta.

"Baba, ka ce kunnenka na nan. To ga maganar. Wannan ita nake sha, shekara guda cur, huɗu a rana. Shi yake sayo mini. Kuma ban faɗi a banɗaki ba — shi ya kama hannun ya murɗe don na ce miya ba ta nuna ba tukuna. Bara ma ba babur ba ne. Ƙarya na yi muku, na gaji da ita. In za ku kore ni ku kore ni, amma wallahi ƙafata ba za ta shiga motar can ba."

Ludayi ya suɓuce daga hannun Inna. "Ke, rage murya. Maƙwabta na ji. Ki ruhwa muna asiri."

"Asirin wa, Inna? Nawa ya riga ya tonu tun ranar da aka sa mini karare."

Kamaluddeen ya fito yana tafa hannu, fuskar nan ta koma ta mutumin kirki. "Baba, ka gani da idonka. Abin da nake fama da shi ke nan ina ɓoyewa don mutuncin gidan nan. Ba ita ke magana ba, ƙwaya ce."

Malam Magaji ya ajiye wuƙar. Bai ɗaga murya ba, amma jijiyar wuyansa ta miƙe.

"Ƙwaya ba ta murɗe ƙashi, Kamalu. Zo nan ka gani."

Ya kamo hannun ɗiyarsa ya juya tafin sama.

"Shekara arba'in ina ɗori. Duk wanda ya hwaɗi, tahin hannu shika hwara kaiwa ƙasa, sai ka iske ƙujewa, kuma ƙashin shi karye a gicciye kusa da wuyan hannu. Dubi wanga tahi, ko ƙwarzane babu. Karayar kuwa a karkace ta hau sama, yadda karan dawa ka tsagewa in an murɗa shi. Yatsuna sun hwaɗa mani tun daren hwarko." Ya saki hannun a hankali. "Bara ma sun hwaɗa mani. Na sani, na yi shiru don zumunci. Na maida kahwaɗar wurinta, na ɗauki ɗiyata na miƙa maka ka ƙarasa. Ni ne babban mai laihi a gidan ga, Allah shi gahwarta mani."

"Malam, ɗan yayana ne fa," in ji Inna Tasalla, idonta ya kawo ruwa. "Da wane ido zan dubi Yaya?"

Iklima ta juya gare ta. "Ni kuma ɗiyar wa ce, Inna?"

Inna ta zauna daɓas a kan turmi, miya na ƙonewa a bayanta ba wanda ya kula.

"Ɗauki lemonka da atamfarka," in ji Malam Magaji. "Ka aiko da takardarta cikin mutunci. In ka ƙiya, mu haɗu gaban alƙali, ni da kaina zan kwance ɗorin ga in nuna mashi abin da na nuna maka."

Takarda ta iso bayan kwana tara, tare da saƙon yayan Inna cewa ba shi ba ita har abada. Zumuncin da aka yi ta lallaɓawa da ƙashin yarinya ya watse duk da haka.

Kada wani ya ɗauka daga nan sai daɗi. Yayarta Rahama, ma'aikaciyar jinya a Maiyama, ita ta zo ta tafi da ita, ta kai ta wurin likita aka tsara yadda za a janye ta daga ƙwayar sannu a hankali. Iklima ta ga tasku. Amai, zufa, ciwon gaɓoɓi, ranar da za ta zagi Rahama tas, ranar da za ta kwanta ta ƙi ko wanka. Abin da ya fi ba ta haushi kuwa ba jikin ba ne. Sau biyu Rahama na kama ta da waya a hannu, ta danna lambar Kamaluddeen saura kira.

"Yaya, kewarsa nake ji," ta faɗa tana kuka. "Mutumin da ya karya ni. Ni wace irin mahaukaciya ce?"

"Ba hauka ba ne, sabo ne, shi kuwa sabo turken wawa. Ki yi kukanki har ki ƙoshi, ina nan zaune. Amma kira kam babu."

A wata na huɗu ta zame. An aike ta cefane, ta ratse wani kemis ta sayi ƙwaya biyu ta haɗiye a bayan shago. Da ta dawo ba wanda ya tambaye ta, ita ta je ta tsaya gaban Rahama ta faɗa da bakinta. Rahama ba ta yi faɗa ba, ta ce gobe da safe su koma wurin likita. Tun daga ranar Iklima ba ta ƙara ba.

Inna Tasalla ta daɗe ba ta zo ba, kunya ta hana ta. Ranar da ta zo, da ƙwaryar fura ta shigo, ta zauna nesa tana murza bakin zane.

"Auta, na ga kumburin idonki sau nawa na ce kwalli ne ya shige maki. Ki yahe mani."

Iklima ba ta ce ta yafe a take ba, don ta daina faɗin abin da bai kai zuciyarta ba. Ta dai matso ta karɓi furar ta dama musu su biyu. Yafiyar ta zo daga baya, da ƙafarta.

Akwai wani malamin firamare a unguwar su Rahama, Waliyyu, mutum mai sanyin magana. Bayan Iklima ta gama idda da watanni ya aiko yana neman izinin zuwa zance. Ta fito zaure ta zayyane masa komai, har ƙwayar, har biyun da ta sha a bayan shago, ta ce ba ta shirya ba kuma ba ta san ranar shiryawa ba.

"Ba gudu nake ba," in ji shi. "Ki warke don kanki. In kin duba kin gan ni, to. In ba ki gan ni a ranki ba, ba kya bina bashin komai, ni ma haka."

Shekara ɗaya da rabi ya jira, bai taɓa tsayawa a hanyarta ba. Ita da kanta ta ce wa Rahama a gaya masa ya turo magabatansa.

Yanzu duk Asabar Waliyyu kan kawo ta Aliero a babur, ta taya Baba ɗaure wa mata tsumma, don ya ce hannunta ya san ciwo. Wata Asabar aka kawo wata amarya daga Kuberi, lallen bikinta ma bai gama gogewa ba. Uwar mijinta ce ke ta bayani, wai a bakin rijiya ta zame. Amaryar kanta a ƙasa.

Iklima ta kama hannun a hankali ta juya tafin sama. Sumul, ko ƙwarzane babu.

"Hajiya, don Allah ki ɗan jira mu a zaure."

Da matar ta fita, Iklima ta tura ƙofa, ta dawo ta zauna ƙasa gwiwa da gwiwa da yarinyar. Ta naɗe hannun rigarta ta nuna mata wurin da ƙashinta ya ɗan yi tudu.

"Ni banɗaki na ce," ta faɗa a hankali. "Ba mai jin mu. Kunnena na nan."

Yarinyar ta dubi tudun, ta dubi Iklima, sannan ta buɗe baki ta fara magana.

Iyaye, da ku nake, kuma ba da wasa ba. Haƙuri gaskiya ne, Iklima ta yi shi wata da watanni tana yaƙi da jikinta da zuciyarta, Allah kuma ya saka mata. Amma shirun da kuke sa 'ya'yanku su haɗiya don kada mutane su ji, wannan ba haƙuri ba ne, zalunci ne kuke taya wani yi. In ɗiyarku ta dawo ta ce faɗuwa ta yi, kafin ku ɗauko mata jaka ku juya tafin hannunta ku duba.