Majanyin Hajiya Indo

Rukayya na tankaɗe a tsakar gidan surukanta a Pauwa, ɗiyarta Amatullah mai wata takwas ta faɗi tana rarrafe, ta tsandara kuka. Rariyar ta tsaya cak a hannun uwar, amma ba ta ɗaga kai ba. Hajiya Indo, uwar mijinta, ita ta sure jaririyar.

Mas'udu, mijinta, yana tsaye bakin zaure, ya ga komai. Ya bi ta ɗaki ransa a ɓace.

"Wai ke ba ki son bebin nan ne? Ko ni ne ba ki so?"

Rukayya ta fashe da kuka. "Haba Yaya Mas'udu! Tun ranar suna Hajiya ta ce a gidan nan ba a wasa da ɗan fari gaban manya, alkunya ake yi. Nono kawai nake ba ta in mayar. Yanzu ko hannu na miƙa wa yarinyar sai ta kauda kai!"

"Sori, ban sani ba. Bari in same ta."

Ya je, ya dawo da zafin kunne. Hajiya cewa ta yi, "Ni za ka koya wa reno? Tara na haifa, ban shiga aji ba, ba wanda ya lalace!"

Rukayya ta roƙe shi ya bar maganar. Ta ci gaba da ladabinta, tana share hawaye a madafa.

Ran nan Yahya, yayan Mas'udu, ya zo daga Faskari. Shi ne ɗan farin Hajiya, kakarsa ta rene shi. Ya durƙusa nesa da ita ya gaishe ta kamar baƙo, ya sha ruwa, ya tashi ya nufi gidan gwaggonsa, can aka ji shi yana ƙyaƙyata dariya. Hajiya ta bi ƙofa da kallo. Ta juyo, sai ga Amatullah ta ƙanƙame mata wuya, tana ture hannun uwarta.

Can Hajiya ta kwance majanyin da take goyo da shi, ta jefa wa Rukayya.

"Ke, tashi ki goya ta! Da wannan za ki ɗaure, warin jikina na ciki, shi ta sani."

"Hajiya, a gabanki?"

"A gabana! Ki dubi idonta in tana shan nono. In ta yi gwaranci ki amsa. In ta yi kuka kada kowa ya riga ki. Ni kuwa kwana arba'in ba ni taɓa ta."

Kwanakin farko gidan bai zaunu ba don kuka. Hajiya ta toshe kunnenta da sussuka, ta daka dawar da ba a bukata.

Ba a cika arba'in ɗin ba, wata hantsi zakara ya firgita Amatullah. Ta rarrafo da sauri, ta wuce ƙafar kakarta, ta faɗa cinyar uwarta, ta yi shiru. Mas'udu ya dubi matarsa, duka suka yi dariya da hawaye.

"Ja'ira, butulu!" in ji Hajiya, tana goge ido da gefen gyale. "Yau zan dama fura, wani ya kai wa babban yaron nan Faskari."

Haƙurin Rukayya ya dawo mata da ɗiyarta. Ku ji da kyau, 'yan mata: jariri bai san wa ya haife shi ba, wanda ke amsa kukansa ya sani. A yi kunya a gaban manya, amma kada a yi ta a kan yaro.