Hannun da Ya Ƙyasta Ashana

Rana ta yi ja, inuwar katanga ta rufe tsakar gida, maigidan kuwa yana durƙushe a falo, ya shimfiɗa taswira a kan tebur ya danne kusurwoyinta da kofuna. Aikinsa auna filaye, kuma a duniya ba abin da yake so kamar hawan dutse. Saura kwana huɗu su tashi, shi da babbar 'yarsa, wadda yake kira Likita don tana karatun jinya. Kwana ɗaya kawai za su yi a can: su ratsa daji su hau, su kafa tanti kusa da wani idon ruwa da suka je suka dubo makon jiya, gari ya waye su sauko ta ɗaya gefen.

"Igiya?" ya ce.

"Ga ta, Baba."

"Tocila?"

"Biyu. Da maganin ciwon baya, don tsofaffi."

Uwar ta leƙo daga ɗakin girki, ludayi a hannu. "Allah ya ba ku katifa, kun ce sai dutse. Wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba."

Ba su gama dariya ba wani abu ya faɗo kan rufin kwano. Na biyu ya faɗo, na uku, sannan suka zubo kamar ƙanƙara. Maigidan ya fita da sanda ya zaga gidan, bai ga kowa ba. Ya ɗauki dutse ɗaya ya juya shi. Jiƙaƙƙe ne, mai sanyi, da gansakuka a jikinsa, irin wanda ba a samunsa a cikin gari. Yana nan tsaye ya ji ihun matarsa. Tagogin falo duk a rufe suke, amma dutse ya same ta a goshi, jini ya rufe mata ido ɗaya.

Washegari da magariba suka buɗe jakar tantin, wadda ba wanda ya taɓa, suka tarar an yayyaga shi tsumma-tsumma. Warin ƙonanniyar ciyawa ya cika ɗakuna. Daga bayan labule wata mace ta yi ta kuka a hankali, irin kukan wadda muryarta ta riga ta dushe. Maigidan ya yaye labulen. Bango ne kawai.

A rana ta uku ya ce an fasa tafiyar. Likita tana zaune a ƙasa tana kwance igiyar takalmin hawa, ba ta ɗago ba. Ya sake faɗa. Sai ta miƙe, miƙewar da ba tata ba, ta ɗauki turken tanti na ƙarfe ta soka shi a tsakiyar taswirar har ya huda tebur. Uban ya kama kafaɗarta. Da hannu ɗaya ta ɗaga shi ta maka da bango, madubi ya tarwatse a kansa. Maƙwabta uku suka shigo da gudu. Ta karya wa ɗaya haƙori, ta ciji wani har nama, kafin suka danne ta suka ɗaure da igiyar tafiyar.

A bakin layi akwai wani tsohon tela da aka sani da ilimi, ba ya son a faɗa. Uwar ce ta je ta durƙusa masa. Ya shigo da zare a jikin rigarsa, ya dubi fasasshen madubin, ya zauna nesa kaɗan da yarinyar ya fara karatu. Bai ɗaga murya ba. Duwatsu suka dinga faɗowa kewaye da shi, ɗaya ya fasa masa kunne, bai tsaya ba. Yarinyar ta banƙare har igiyar ta shiga fatarta, ta shiga buga ƙeyarta da ƙasa.

"Bari!" Muryar da ta fito ta tsohuwar mace ce, mai kauri. "Ka bari, tela, ko in murɗe wuyanta yanzu."

"Wace ce ke?"

"Mai gida a bakin ruwan."

"Me suka yi miki?"

Sai hawaye suka zubo daga idon yarinyar, fuskar kuwa ba ta motsa ba.

"Sun zo neman wurin kwana. Ba sallama, ba bisimilla. Suka sare ciyayi suka tara, suka sa wuta, suna ta dariya. Ɗana yana barci a ciki."

Uwar ta toshe bakinta. Maigidan ya sulale ya zauna, don ya tuna tarin ciyawar, ya tuna yadda wutar ta yi wata irin ƙara.

"Ba su sani ba," in ji telan. "Ba sa ganinku. Ki ji tsoron Allah, ba a ɗaukar rai kan kuskure."

"Rai da rai."

"Ba za ki samu ba. Zan yi ta karatu har ki ƙone."

"In na ƙone, ita ma ta mutu. Mu gani wa zai riga."

Jini ya fara fitowa daga hancin yarinyar. Telan ya ci gaba, gumi na ɗiga daga gemunsa, muryar tana gurnani tana zagi, har ta fara laushi.

"To, a ba ni hannun da ya ƙyasta ashanar," ta ce. "In tafi. Kuma kada ƙafar ɗayansu ta sake taka dutsen."

"Ba ma ciniki da..." telan ya fara cewa.

"Ni na ƙyasta," in ji maigidan.

Idanun yarinyar suka juyo kansa a hankali. "Ai ina nan a wurin, ɗan Adam. Na ga wadda ta ƙyasta."

"Ni na kai ta. Ni na zaɓi wurin, ni na miƙa mata ashanar. Ita da hannunta za ta yi aiki. Ga nawa."

"Kada ka matsa!" telan ya daka masa tsawa, amma ya riga ya kwance mata hannu ɗaya, ya sa hannunsa na dama a ciki.

Yatsun 'yarsa suka rufe a kai. Kowa a ɗakin ya ji ƙasusuwan suna karyewa ɗaya bayan ɗaya, kamar ana taka busasshen kara. Bai yi ihu ba sai a na ƙarshe. Sannan wata iska ta bugi ƙofa ta fice, kukan macen ya bi ta, yana nisa, yana nisa, har ya ɓace. Warin hayaƙin ya tafi.

Likita ta buɗe ido lokacin ana kiran isha'i. Ta dubi uwarta, ta dubi ɗakin, ta dubi abin da ke cikin hannunta. Ba wanda ya yi mata bayani, ba ta kuma nema ba. Ta ce a kwance ta. Ta tsaga mayafinta, ta sa aka kawo katako biyu, ta durƙusa gaban ubanta.

"Baba," ta ce, "na ji duk abin da aka ce. Ai ni ce."

Ya jingina kansa da bango, ya lumshe ido.

"Likita, mara lafiya na jira. Ɗaure da kyau."

Ta ɗaure. Hannun ya warke, amma bai sake riƙe alƙalami ba. Da hagu ya koyi rubutu, yana ɗan shekara hamsin da biyu.