Ɓarin Goron Alhaji Nasrullah

Da hantsi aka tarar da Alhaji Nasrullah, babban dillalin hatsi na Salaga, kife a kan buzunsa, bakinsa da kumfa, ɓarin goro a tafinsa. Sufeto Munawara ta hana kowa fita daga gidan, ta kira Dakta Mudassira, mai binciken guba, daga Yendi.

Mudassira ta rufe tagogi, ta kunna wata fitila mai shuɗin haske, ta ɗaga kwalbar ruwa.

"Akwai ƙwayoyin nano a ciki, ido ba ya ganinsu," in ji ta. "A wannan haske kore suke yi. In suka taɓa guba, sai su mutu. Kuma suna kare DNA, wato ƙwayar halitta, daga zafi har a kai ɗakin gwaji."

Suhaila, 'yar mamacin, ita ta dama masa koko. Aka ɗiga a kofin, ya haskaka. Mukaila direba shi ya kawo masara daga Bawku. Ita ma ta haskaka. Da aka ɗiga a goron, sai hasken ya ɗauke ɗif.

"Wa ke fasa masa goro?" Munawara ta tambaya.

"Hannunsa na rawa," in ji Suhaila. "Duk wanda ya zo gaisuwa."

Saura Jamaldeen, ɗan ƙanin mamacin, mai kula da rumbuna. Munawara ta juya gare shi.

"Ka gaishe shi yau?"

"Na gaishe shi, madam. Na fasa mana goro, muka ci tare. Ga ni lafiya."

"Buɗe bakinka."

Haƙoransa farare tas, babu ko ɗigon ja. Ta sa hannu a aljihun rigarsa, ta zaro ɗaya ɓarin, ko cizo babu. Mudassira ta ɗiga masa ruwan. Duhu.

"Wanda ya fasa goro yakan ci rabonsa," in ji Munawara. "Kai ka ɓoye naka, don ka san abin da ka shafa. Me ya yi maka?"

Jamaldeen ya dubi ƙasa.

"Maganin ƙwari da aka hana na zuba wa masarar rumbunanmu. Yara biyu suka ci a Bawku, suka mutu. Baba ya gane, ya ce yau zai kai ni wurinku."

Munawara ta sa masa ankwa, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Buhunan da ka zuba wa, suna ina?"

"Mota ta tashi da su tun asuba. Suna hanyar Savelugu."

Ta fizgo wayarta, ta fita da gudu.