Yatsan da Haladu Ya Goge

Ku matso kusa. Kai Ilu, kife wayar nan, haskenta na kashe min ido. Wanda ya san ba zai iya fita fitsari shi kaɗai ba, ya tashi tun yanzu, ba ruwana.

A wata ƙaramar hukuma, ba zan kama sunanta ba, an yi wani mutum Haladu. Shi ne shugaban sashen kwamfuta na sakatariya. Ba mugu ba ne, wallahi. Matsoraci ne dai, irin mai gudun haɗa ido.

Yana da amini, Mamuda. Tare suka yi makaranta, tare suka ja wayoyin ofishin nan ɗaki-ɗaki. Sai dai Haladu ya samu aikin dindindin, Mamuda kuwa na wucin gadi. Mamuda na da wata ɗabi'a da ake masa dariya a kai. A ƙarshen baranda, jikin wata tsohuwar tsamiya, akwai ɗakin manyan na'urori. Ɗaki ne mai sanyi, ba kowa a ciki. Amma bai taɓa shiga ba sai ya yi sallama. In aka tsokane shi, sai ya ce, "Ku dai ba ku san wa ke shan sanyin nan ba."

Sai shekarar tsuke bakin aljihu ta zo. Kason da ake turowa daga sama ya ragu. Aka ce babu man janareta na kwana, da magariba a kashe komai. Kwamfuta in ta mutu, sai a yashe cikinta a raya wata. Haladu ya yi ta faci, har ranar da Ciyaman ya kira shi.

"Mutum ɗaya zai tafi a sashenka. Kai ka san su."

"Ranka ya daɗe, da ma a ce..."

"Na gama magana."

Kowa a sashen yana da mai tsaya masa. Wannan ƙanen kansila, waccan 'yar wani babba. Mamuda kaɗai ne ba shi da kowa sai Haladu.

To, a ƙofar sakatariyar akwai na'urar dangwala yatsa. In ta san ka, ta kawo koriyar wuta ka shige. In ba ta san ka ba, ta kawo ja, ta yi ƙara, ƙiit. Babban yatsan Haladu ne kaɗai ke buɗe cikinta, ya sa mutum ko ya cire shi.

Ranar tare suka ci shinkafa da wake, kwano ɗaya. Mamuda na ta barkwanci, Haladu na kauce wa idonsa, bai gaya masa shi zai tafi ba. Da aka tashi, kowa ya watse, sai ya lallaɓa ya goge yatsan abokinsa daga na'urar. Kun ji rashin ta ido? Ya bar wa na'ura ta faɗi abin da bakinsa ya kasa.

Da safe ma'aikata sun yi layi. Mamuda ya dangwala. Ƙiit. Ya yi dariya, ya goge yatsan a riga, ya sake. Ƙiit.

"Ta rikice," ya ce. "Bari Haladu ya zo."

Sai wani a layin ya raɗa masa a kunne. Haladu na bayan labulen ofishinsa, yana kallo. Mamuda ya ɗaga kai ya dubi tagar nan, ya daɗe yana dubanta. Sannan ya rataya jakarsa ya fita.

Daga ranar abinci ya daina yi wa Haladu daɗi. In Mamuda ya kira, sai Haladu ya zuba wa wayar ido har ta katse. Matarsa Ladidi ta ce, "Maigida, an ce Mamuda zai kwashe iyalinsa ya yi kudu neman aiki. Ran Juma'a bayan magariba motarsu za ta tashi. Ka je ka roƙe shi gafara. Ko zaginka zai yi, ka tsaya ya zage ka."

"Gobe," in ji shi. Kullum gobe.

Juma'ar ta zo. Ya ce yau kam zai je. Amma aka tashi aiki, shi yana ta ƙirƙiro wa kansa hidima, kunya na riƙe da ƙafarsa. Mai gadi ya tafi masallaci. Almuru ta yi, sakatariya tsit. Kashe na'urori a da aikin Mamuda ne, yanzu ya dawo kansa. Ya tura ƙofar ɗakin nan mai sanyi, ba sallama. Ya kashe su ɗaya bayan ɗaya. Ya zaga ya kashe janareta. Ko'ina ya ɗauke.

Ƙiit.

Ya tsaya cak. Ai babu wuta.

Ƙiit.

Ya bi baranda a hankali. Ga jar wutar nan tana haska bango. Ga mutum tsaye, ya ba shi baya, jaka a kafaɗa.

"Mamuda?"

"Ta ƙi ni, Haladu. Gyara min."

Muryar Mamuda ce sak. Amma ba daga gabansa ta fito ba. Daga bayan kunnensa ya ji ta, har da hucin sanyi. Da mai hankali ne, da ya zura da gudu. Shi kuwa hawaye ne suka zubo masa.

"Ka yafe ni, mutumina. Ni na goge. Ni ne."

"Gyara min."

Haladu ya ɗora yatsansa, na'ura ta buɗe. Mutumin ya dangwala nasa, ya ɗaga, ya sake. Koriyar wuta ta kawo. Haladu ya kasa kallon fuskar, kamar kullum, sai ya sunkuyar da kai. Nan ya ga ƙafafun. Babu takalmi. Dugadugan ne a gaba, yatsun na kallon baya.

Ya fara addu'a, muryar ta katse shi.

"Ni ba Mamuda ba ne," in ji muryar. "Maƙwabcinsa ne, na ɗakin can. Shekara da shekaru yana min sallama. Kun kashe min sanyi, ban ce komai ba, na san babu ce ta kawo. Amma shi fa? Fuskarsa na aro, don ita ce ka kasa kallo."

"Don Allah..."

"Mutum ɗaya zai tafi, ko ba haka aka ce maka ba? To, na shiga gurbinka."

Wutar ta ɗauke. Ba kowa a wurin, sai ganyen tsamiya na motsi, alhali ko iska babu.

Haladu bai san yadda ya hau babur ba. Bai nufi gida ba, unguwar su Mamuda ya yi. Ya tarar da kwaɗo a ƙofa. A dakalin gidan ga tabarma shimfiɗe, ga kofin shayi cike, ya huce. Wata tsohuwa maƙwabciya ta leƙo.

"Ɗan nan, kai ne Haladu? Ayya. Tun la'asar yake zaune nan. Direba na ta masa faɗa, yana cewa a ƙara jira kaɗan, abokinsa zai zo. Wannan shayin naka ne. Yanzun nan suka tashi."

Ya kira lambar, a kashe. Har yau ba ta sake shiga ba, kuma ba wanda ya san garin da ya sauka. Haladu ya zauna kan tabarmar ya shanye shayin nan mai sanyi, yana kuka kamar yaro.

Ran Litinin ya shiga layi, ya dangwala. Ƙiit. Ya duba yatsan. Sumul yake kamar ƙwai, babu zane ko ɗaya. An kai shi asibiti, an kai shi wurin malamai, zanen bai dawo ba. Ba a kore shi ba, yana nan a kujerarsa. Amma kullum da safe sai ya tsaya a gefe, gaban kowa, ya jira a buɗe masa ƙofa da hannu. Masu gadi kuma sun ce da almuru, bayan an kashe janareta, sukan ga koriyar wuta ta kawo ita kaɗai.

Saboda haka kada wanda ya yarda magariba ta riske shi shi kaɗai a barandar nan. Ɗakin da ba kowa ma, ku yi sallama. In kuma wata rana aka ba ku wuƙa aka ce ku yanke wani, ku je ku same shi tun da rana, ku faɗa masa da bakinku. Ilu, daina duba yatsanka, tashi ka rufe ƙofar can.