Sati Uku Ina Ƙaryar Zuwa Buro

"Na je buronku yau, Zahra'u."

Saura kaɗan kofin ruwan da nake miƙa wa Lamine ya suɓuce daga hannuna.

"Wata na tarar kan kujerarki. Nabila ta ce sati uku ke nan da kika aje aiki."

Nabila! 'Yar kawunshi ce, tare muke aiki a buron, wato ofis, kuma ba yau ta fara son Lamine ba.

Sati uku... Kullum sai in shirya, in ɗauki jaka, in yi wa Inna sallama, in zarce gidan ƙawata Hamida can bayan tashar Tasawa. Nan nake buɗe ordinatar ɗina, wato kwamfuta, ina buga wa mutane takardu, ina juya wa ƙungiyoyin manoma wasiƙu zuwa Faransanci. Dama burina ke nan in tsaya da ƙafata, amma sai bayan bikinmu, nan da wata biyar. Haka muka tsara da shi.

"Jiya na tambaye ki ya aiki, kika ce lafiya lau!"

Na sunkuyar da kai, kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Kai ka roƙa mani aikin nan wurin baffanka Manzo... da wane baki zan ce maka na gudu? Direkta ya watsa mani takardu a fuska gaban baƙi, ya ce har yau ƙauyancin Korgom bai sake ni ba. Na durƙusa ina tsince su ɗaya-ɗaya, kowa na kallo. Tun da na fita ban koma ba."

"Ya daɗe yana maki haka?"

"Shekara biyu."

"Ni kuma ban isa ki gaya mani ba."

Ya tada moto ya tafi, ko ruwan bai sha ba.

Washegari aike ya zo daga Hajiya Habsatu, mahaifiyarshi: ma'aikaciya suka nema wa ɗansu, ba maƙaryaciya ba. Inna ba ta yi mani faɗa ba. Kallona kawai ta yi, ta ce, "Har ni, Zahra'u?"

Na gwammace da dukana ta yi.

Kwana huɗu ban leƙa waje ba. A na biyar na yafa gyale na tafi gidansu Lamine da ƙafata.

Hajiya na zaune kan tabarma, Nabila na gefenta tana tsintar shinkafa.

Na durƙusa.

"Hajiya, na yi ƙarya. Barin aikin ban yi nadamarshi ba, ƙaryar ce ke hana ni ɗaga kai. Ki yafe mani."

"Hawayen banza..." in ji Nabila ƙasa-ƙasa.

"Ke, ba da ke ake ba!" Hajiya ta juyo gare ni. "In kin shigo gidan nan aka ɓata maki rai, haka za ki sulale ki gudu?"

"A'a, Hajiya. Zan faɗa."

Labulen ɗaki ya motsa. Ashe Lamine na ciki.

"Hajiya, ni ma da laifina. Sau nawa nake ganin idanunta jajur in ta taso? Ban taɓa tsananta tambaya ba, ina ta alfaharin zan auri 'yar buro."

Hajiya ta dube mu, ta yi ajiyar zuciya.

"Nabila, tashi ki kawo mata ruwa. Ke kuma ki ce wa innarki ranar biki na nan."

Ya rako ni zaure, har lokacin na kasa haɗa ido da shi.

"Zahrata... daga yau duk abin da ya yi maki ciwo, ni za ki fara gaya wa. Kin yarda?"

"Na yarda."

"To fara."

Na share hawaye da bakin gyale.

"Takalmin nan na Hamida ne. Tun daga gida yake matse ni."

Ya tuntsire da dariya, har sai da Hajiya ta ɗaga murya daga ciki tana tambayar ko lafiya.