Shayin Safe da Sharaɗin Zaituna

"Zan ba ka lambar," in ji Zaituna, "amma tara na dare na yi, wayata a kashe take. Ba kira, ba tes."

"Na yarda," Ridwan ya ce, ko dalili bai tambaya ba. Mai shayi ne a kusa da jami'a a Dutsin-Ma, ita kuwa daga Kurfi ta kawo wa yayanta ɗalibi dambu, ta tsaya sayen burodi. Yadda murmushinta ya tafi da shi, ko bakwai ta ce zai amsa.

Matsalar ita ce shi sai sha ɗaya yake samun kansa, in ɗalibai sun watse. Abokinsa Dalhatu ya sa shi gaba da tsiya: "Malam, budurwar da ke kashe waya da tara, wani layin take kunnawa."

Maganar ta ci shi. Da safe ya rubuta: "Zaitun ɗina, in akwai wani ki faɗa mini, zan jure."

Amsa ta zo: "Babu kowa. Farfaɗiya gare ni. In barci bai ishe ni ba, ko na tsallake magani, sai ta kayar da ni. In gudu za ka yi, gudu yanzu tun ban saba ba."

Gudun ya yi, amma a kan babur zuwa Kurfi.

"Haba 'yar lelena," ya ce a zaure, "ni da nake fargabar wani mai mota!"

Ta yi dariya har da hawaye.

Mahaifinta, Malam Rabe, shi bai yi dariya ba. "Yaro, wani ya taɓa riƙe ta a waya har ɗayan dare. Washegari ta faɗi gefen murhu, ga tabon nan a hannunta, shi kuwa ko dubiya bai zo ba. Kai sai sha ɗayan dare kake tashi daga aiki, kuma na san 'yata, zaman jiranka za ta yi. Ba na kai ta gidan da ba a barci."

Ridwan bai yi musu ba. Cikin satin ya kwashe teburinsa ya koma tasha, inda direbobi ke neman shayi tun asuba. Cinikin bai kai na dare ba, Dalhatu har mahaukaci ya kira shi. Amma takwas da rabi tes ɗinsa ke isa Kurfi: "Kin sha magani? Kwanta, sarauniya, ni ma na kwanta."

Wata uku ana haka, ran nan da sassafe sai ga Malam Rabe a bencinsa. Ya shanye kofi, ya goge baki.

"Sukari ya yi yawa. Turo magabatanka."

Da ranar biki ta zo, aka ɗaura aure da hantsi, aka kai amarya bayan La'asar, gwaggonni na ƙunƙuni wai ba su taɓa ganin an kai amarya da rana ba. Dattawa suka sa albarka, kafin Isha kowa ya watse.

To, wa ya ci riba? Direbobi sun samu shayi, Zaituna ta samu barci da miji, Ridwan ya samu Zaituna. Asara kuwa ta ɗaliban dare ce, sai Dalhatu da ya rasa bencin hira da kofin kyauta. Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba.